Tarihin Tsargiya, Cutar Ruwa Da Ake Ɗora Wa Ƴan Mata Laifinta

Duk wanda ya tashi a bakin Komadugu ya san tsargiya. Yaro ya yini cikin ruwa yana iyo, bayan ƴan watanni sai a ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Ba mai damuwa. A wurare da yawa har cewa ake yi alamar girma ce. To, ƙanwarsa fa? Ita ma a ruwan nan take wanki, nan take wanke kwanoni, nan take ɗibar ruwa. Tsutsar da ta shige shi ta shige ta. Sai dai nata ba a faɗi, don wurin da cutar take kama mace wuri ne da kunya ta hana a ambata. Yau za mu ba ku tarihin cutar nan, da yadda aka daɗe ba a gane ɓarnar da take yi wa mata ba. Za mu kira abubuwa da sunansu. A yi mana gafara, zancen lafiya ne.

Tsargiya tsohuwar cuta ce ƙwarai. A shekarar 1910 wani likita a ƙasar Masar, mai suna Ruffer, ya duba gawarwakin mutanen zamanin Fir'auna, waɗanda aka shafe da magani don kada su ruɓe. Cikin ƙodar biyu daga cikinsu ya sami ƙwan tsargiya. Mutanen nan sun mutu shekara wajen 3000 da suka wuce. Kun ga ke nan manoman bakin kogin Nilu sun sha fama da ita tun da daɗewa. Sojojin Faransa da Napoleon ya kai Masar a 1798 su ma sun yi ta fitsarin jini, likitocinsu suka rubuta, amma ba su san dalili ba.

Wanda ya fara ganin tsutsar da idonsa wani saurayin likita ne, Bajamushe, Theodor Bilharz. Yana aiki a asibitin Kasrul Aini a birnin Alƙahira. A 1851, yana da shekara 26, ya buɗe wata gawa, sai ya ga ƴan tsutsotsi farare cikin jijiyar jini kusa da hanta. Tsawonsu bai fi gaɓar yatsa ba. Namijin ya fi kauri, yana da tsagi a cikinsa. Macen siririya ce kamar zare, tana kwance cikin tsagin nan. Haka suke zama manne da juna shekara da shekaru. Bilharz bai yi tsawon rai ba, ya rasu a 1862 yana da shekara 37. Amma sunansa ya bi cutar. Shi ya sa a gidan likita kuke jin ana cewa bilarziyoz.

An ga tsutsa, saura a san ta inda take shiga mutum. Nan aka yi fiye da shekara 60 ana gardama. Waɗansu suka ce sha ake yi. Waɗansu suka ce daga mutum take komawa mutum kai tsaye. A 1913 likitoci biyu a Japan suka gano cewa irin tsargiyar ƙasarsu sai ta bi ta jikin dodon koɗi. Da aka shiga yaƙin duniya na farko, Ingila ta jibge sojoji a Masar, tana tsoron cutar ta kwantar mata da su. Sai ta aiki likita Robert Leiper. A 1915 ya tattara dodannin koɗi daga magudanan ban ruwa, ya gwada su da ɓeraye, ya raba gardamar.

Ga abin da aka gano. Ku karanta a hankali, don duk zancen a nan yake.

Mai tsargiya ya yi fitsari a tafki ko a bakin kogi. Cikin fitsarin akwai ƙwai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Da sun taɓa ruwa sai su ƙyanƙyashe. Abin da ya fito ya yi ta iyo yana neman wani ɗan ƙaramin dodon koɗi, irin wanda ke maƙale a ciyawar ruwa da ganyen bado. In bai same shi ba cikin yini guda, ya mutu. In ya same shi, sai ya shiga jikinsa ya yi ta hayayyafa. Bayan kamar wata guda ko fiye, dodon koɗin nan ya soma sako ƴaƴan tsutsa cikin ruwa, ɗaruruwa kowace rana, galibi da tsakar rana. Wannan kuwa shi ne lokacin da yara ke wanka, ƴan mata ke wanki. Ƴaƴan tsutsar ba sa jira a sha su. Fata suke hudawa, a ƙafa ko a hannu, cikin ƴan mintoci. Mutum ba ya jin komi, sai ɗan ƙaiƙayi wani lokaci. Daga nan su bi jini su girma kusa da hanta, mace da namiji su haɗu, su gangara jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. Bayan wata 2 ko 3 macen ta fara zuba ƙwai, ɗaruruwa kullum. Kowane ƙwai yana da tsini a gindinsa kamar ƙaya. Waɗansu su huda mafitsara su fita da fitsari, shi ne jinin da ake gani. Waɗansu kuma su maƙale cikin nama, ba gaba ba baya.

To, ga inda zancen mata ya shigo. Jijiyoyin da ke kewaye da mafitsarar mace haɗe suke da na mahaifa da na farji. Tsutsa ba ta san iyaka ba. Tana zuba ƙwai a bakin mahaifa, da bangon farji, da hanyoyin da ƙwan haihuwa ke bi. Jiki ya yi ta yaƙi da ƙwan, wurin ya kumbura, ya yi miki, ya yi tabo. In ungozomar asibiti ta duba da fitila, takan ga wurin ya yi ɗige-ɗige rawaya kamar an watsa rairayi, ana taɓawa sai jini.

Tun 1899 wani likita a Alƙahira, Madden, ya rubuta labarin wata mace da ya sami tsargiya a farjinta. Ke nan ba a ce ba a sani ba. Amma an yi kusan shekara 100 ba wanda ya ɗauki zancen da nauyi. A ganina dalilin a fili yake. Masu binciken maza ne, kuma abin da ya dami gwamnatocin da suka aiko su shi ne soja da lebura. Ƙidayar masu cutar kuma da fitsari ake yi. A je lakwal, a ba yara kwalabe, a ƙirga. Yara maza ne suka fi yawa a aji, su ne kuma ba sa jin nauyin miƙa kwalba. Yarinyar da ke gida tana fama da ƙaiƙayi da ciwon mara ba ta shiga lissafi.

Ƙasarmu ta taka rawa wajen tono wannan zance. Wajen shekarar 1980 aka kafa wata cibiya a Yamai mai suna CERMES, don binciken sanƙarau da tsargiya. A 1989 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a wani ƙauye na Nijar inda tsargiya ta yi yawa. An duba matan ƙauyen da kyau, ba fitsari kaɗai ba. Cikin kowace mace 4 da aka duba, 3 suna da ƙwan tsargiya a farji. Har yau masu rubutu kan cutar a duniya suna ambaton wannan lissafi. Daga baya aka yi irin binciken a Malawi, da Tanzaniya, da Madagaskar, da Zimbabuwe, aka sami abu mai kama da haka. A Zimbabuwe, a 2006, an ga matan da ke da wannan miki sun ninka sauran kusan sau 3 wajen kamuwa da sida, don miki ƙofa ce a buɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata da ƴan mata miliyan 56 ne ke da tsargiyar gaba a Afirka. Sai a 2015 ta fitar da ɗan littafi mai hotuna don ungozomomi da likitoci su iya gane ta da ido.

Alamominta su ne ruwa mai fita daga gaba, wani lokaci da ɗan jini, da ƙaiƙayi, da zafi, da ciwon mara. Matar aure takan ji zafi wajen kwanciya da miji, ko ta ga jini bayan haka. In ta daɗe tana iya toshe hanyar haihuwa, ko ta jawo ɓari, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa, wanda ke kisa in ba a yi aiki da sauri ba. Wata matar ma fitsarinta fari tas, an auna ba a ga ƙwai ba, alhali cutar tana can ciki.

Kowa ya ji waɗannan alamomi zai ce sanyi ne. Nan ne ake zaluntar ƴan mata. Yarinya mai shekara 13, ba ta san namiji ba, ta gaya wa uwarta tana ganin ruwa da jini. Sai a hau ta da tambaya, wa ya taɓa ki? Wata a doke ta. Wata a gaggauta yi mata aure. Wadda ta ga abin da ya sami ƴar'uwarta sai ta yi shiru da nata, ta shekara biyar tana ɓoyewa. Amarya kuma a ce ta zo da cuta, ko in haihuwa ta yi jinkiri a ce juya ce. Ku ji da kyau: tsargiya ba a ɗaukarta wajen namiji, mace ba ta sa wa miji, miji ba ya sa wa mata. Daga ruwa take, ruwan da mu muka aiki yarinyar ta shiga.

Bari mu ɗan tsaya a kan kalmar nan sanyi, don ita ma tana da tarihi. Mu suna ɗaya muka ba cututtuka da yawa. Likitoci kuwa sun yi shekaru suna rarrabe su. A 1836 wani Bafaranshe, Donné, ya ga wata ƴar halitta mai wutsiya tana motsi cikin ruwan gaban mace. Ita ke kawo ruwa mai kumfa, rawaya ko kore-kore. Wannan kam wajen kwanciya ake ɗauka, kuma sai an yi wa mata da miji magani tare, in ba haka ba ta dawo. Maganinta, wanda kuka sani da Flagyl, a Faransa aka haɗa shi wajen 1960. A 1879 Neisser ya gano ƙwayar ciwon sanyi na ainihi, mai sa namiji ɗigar mugunya. Shi ma na kwanciya ne, kuma mace takan ɗauke shi ba ta ji komi ba.

Amma wanda ya fi kyau mu san aikinsa shi ne Doderlein, wani likitan mata a Jamus. A 1892 ya nuna cewa gaban mace mai lafiya cike yake da waɗansu ƙwayoyi masu amfani. Dangin waɗanda ke mai da madara nono ne. Matan Fulanin Tumur sun fi kowa sanin wannan aiki: madara in ta yi tsami mai kyau takan jima ba ta lalace ba. Haka ƙwayoyin nan suke sa wurin ya yi ɗan tsami, tsamin ya hana miyagun ƙwayoyi zama. Ɗan ruwa fari ko garai-garai, marar wari, marar ƙaiƙayi, mai ƙaruwa da raguwa cikin wata, ba ciwo ba ne. Jiki ne ke wanke kansa.

Kowace mai girki ta san abin da kanwa ke yi wa tsami. To, haka take yi a can. Mace ta yi ta cusa sabulu, ko kanwa, ko alif, ko turare, ko haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan gyara, sai ta kashe masu gadinta. Daga nan ruwa mai ƙarni kamar na kifi ya biyo baya. Akwai kuma mai kauri fari kamar kindirmo, mai tsananin ƙaiƙayi. Shi yakan taso wa mai ciki, da mai ciwon suga, da wadda ta sha kafso barkatai daga hannun masu tallar magani. Waɗannan biyun suna kama budurwa, suna kama matar aure. Ba shaidar lalata ba ne. Tsarki da ruwa mai tsabta daga waje ya isa, daga gaba zuwa baya. Ƙyallen al'ada kuma a wanke shi da sabulu, ya bushe sarai a rana kafin a sake sa shi. Yankan gishiri da akan kai mace wajen wanzami ba ya warkar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mata da yawa ya bar su da yoyon fitsari, kuma tun 2003 dokar Nijar ta hana yankan gaban mace.

Mu koma ga tsargiya. Maganinta na farko ya fito a 1918, a Hartum ta Sudan, hannun likita Christopherson. Allura ce mai dafi, ana yin ta a jijiya mako da mako, tana sa amai da tari, wani lokaci ta kashe mutum. A Masar an yi wa miliyoyin mutane ita har zuwa wajen 1980. Da yake ba a dafa alluran sosai tsakanin mutum da mutum, sai aka yaɗa ciwon hanta a ƙauyuka, ƙasar ta yi shekaru tana fama da shi. Sauƙi ya zo a shekarun 1970, da kamfanonin Bayer da Merck na Jamus suka haɗa ƙwayar da ake kira farazikwantel. Sha ɗaya ake yi. Da farko tana da tsada. Daga 2007 Merck ya fara ba Hukumar Lafiya ta Duniya kyauta don yaran Afirka. Tun 2002 kuma hukumar ta ce mai ciki da mai goyo ma suna iya sha.

A nan gida kuwa, ruwa ne ya yi ta sauya wa mutane zama. Komadugu daga Nijeriya take tasowa, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suka haɗu. Ta bi ta Gashuwa da Gaidam, ta zama iyaka tsakanin ƙasashen biyu, ta wuce Diffa da Geskeru, ta faɗa Tafkin Cadi wajen Boso. Ruwanta yakan iso da damina, ya cika lokacin sanyi, ya janye da rani ya bar tafkuna. A 1963 faɗin Tafkin Cadi ya kai kilomita murabba'i 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka janye shi, har Ngigmi ta wayi gari ba ruwa a kusa da ita. A can sama kuma aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992. Da noman damina ya daina ciyar da gida, mutane suka rungumi noman rani, shinkafa da tattasai, da injin ban ruwa. Tattasai ya kawo kuɗi, ba mai musu. Amma ruwa mai tafiya a hankali cikin magudana, da tafki mai ciyawa, nan ne gidan dodon koɗi. Ko tafkin ya ƙafe, waɗansu sukan nutse cikin laka su jira damina. Ruwan kuma in ya taƙaita wuri guda, kowa nan yake zuwa, da mai wanki, da mai shayar da dabbobi, da yaron da fitsari ya matsa.

A 2004 Nijar ta soma babban shiri na rabon farazikwantel, galibi a makarantu. Ba sikeli ake bukata ba. Sanda ce mai zane-zane, yaro ya tsaya a jikinta, tsayinsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha, daga 1 zuwa 5. Shirin ya rage fitsarin jini sosai a wuraren da ya kai. Inda ya yi rauni shi ne wajen waɗanda ba sa aji: ƴar makiyaya da ke bin garke, da ƴar talla, da wadda aka aurar tana da shekara 14. Su ne kuma suka fi daɗewa tsaye cikin ruwa.

Sai ga tashin hankali ya zo. A watan Fabrairu na 2015 aka kai wa Boso da Diffa hari. Ƙauyukan bakin kogi da na tsibiran tafki suka watse, makarantu fiye da 100 suka rufe, dubban mutane suka yi bukkoki a gefen babbar hanya. Tumur ta karɓi baƙi masu yawa, daga Nijeriya da daga ƙauyukan kusa, kafin ita ma a ƙone ta a daren 12 ga Disamba 2020. Ruwa ya yi ƙaranci a sansanoni, har a 2017 aka yi annobar wani ciwon hanta mai bin ruwa marar tsabta, wanda ya fi kashe mata masu ciki. Ku duba halin budurwa a irin wannan wuri. Jarka guda ce ta gida duka. Ba makewayi mai ƙofa. Ba inda za ta shanya ƙyallenta ido bai gani ba, sai ta sa shi da danshi. In akwai tafki kusa, can za ta tafi da wankin gidan.

Abu guda game da maganin ya kamata iyaye su sani. Farazikwantel tsutsar take kashewa, ta hana sabon ƙwai. Tabon da tsohon ƙwai ya riga ya yi shekaru yana yi ba ya gogewa duka. Matar da ta sha tana da shekara 30 za ta sami sauƙi, amma wadda ta fara sha tana da 7 ko 8, tana maimaitawa, ita ce mahaifarta za ta tsira. Kuma sha ɗaya ba ya hana a sake ɗauka in an koma ruwan. Don haka in masu rabo sun zo, a fito da ƴan mata, na lakwal da na gida, har da amare. A ci abinci kafin a sha. Wata takan ji jiri ko murɗar ciki, amma yakan wuce a yinin.

Hana yarinya zuwa tafki ba shi yiwuwa inda ba famfo ba rijiya. Abin da ke yiwuwa shi ne a ɗebo ruwan wanka a ajiye shi kwana 2 cikin tulu ko jarka, don ƴaƴan tsutsar ba sa wuce haka da rai in ba su sami fata ba. In ana sauri a dafa shi. Wanki a yi shi a tudu da ruwan da ya kwana, maimakon a tsaya cikin tafki har gwiwa da tsakar rana. Yara kuma a hana su fitsari cikin ruwa.

Wadda ta riga ta ga alama, uwa ko yaya ta raka ta gidan likita, ta nemi ganin ungozoma. Akwai maganar da ya kamata ta faɗa ko ba a tambaye ta ba, don ba kowane ma'aikaci aka koya wa tsargiyar mata ba. Ta ce a bakin wane ruwa ta girma, ta ce ko ta taɓa fitsarin jini tana ƙarama, ta ce ko an ba ta maganin sanyi a baya bai yi ba. In ma'aikacin ya ji haka, zai san ya haɗa da maganin tsargiya, ko ya tura ta asibitin uwa da yaro na Diffa a duba bakin mahaifa.